Amalanken Baƙi

Da hantsi mahaifiyarsa ta cika, a ɗaki ɗaya tilo da ya rage a hannun 'yan gari a layinsu na bakin teku a tsibirin Unguja. Matarsa ta yi mata wanka, shi kuma ya fita sanar da maƙwabta.

Ya ƙwanƙwasa gidan masunci, wata Baturiya ta leƙo da tawul a wuya. Gidan tela ma haka. Tsadar haya ta daɗe da kora kowa can cikin tsibiri, an mai da ɗakunansu masaukin masu yawon buɗe ido. Waɗanda ya kira a waya sai gobe za su sami mota, ga zafi ba ya jira.

Bayan an sallace ta liman ya waiwaya. "Ɗana, daga ni sai kai. Wa zai kama mana makara?"

Sai ga mai dakon otal, magidanci da furfura, ya turo amalanken da yake kwasar jakunkunan baƙi. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa.

"Ku ɗora Inna a nan. Ita ta yanke mini cibiya."

Suka lulluɓe ta da zane, suka bi layin da ta yi shekara hamsin tana karɓar haihuwa. A kan kwana wani baƙo mai akwati biyu ya ɗaga hannu yana murmushi, ya tambaya ko da sauran wurin kaya a amalanken.

Har maƙabarta, baƙon nan kaɗai ya yi musu magana.