Wasiƙar Da Na Ƙi Ɗauka

Tun da nake aikin kai wasiƙu ban taɓa ƙin ta kowa ba sai ranar. Mai ɗinki ta miƙo min ambulan a ƙofar shagonta, amsarta ga wani na nesa mai neman aurenta.

"Ba zan ɗauka ba," na ce.

"Aikinka ne, Malam."

"Shi takarda ya iya. Da ruwa ya ci shagon nan, wa ya fitar miki da keken ɗinki a ka?"

Ta daɗe tana kallona. "Kai ne. Amma shi ya buɗe baki ya tambaya."

Na sauke jakata. "Babanki yana gida?"

Ta danne ambulan ɗin da almakashi. "Yana ciki. Wannan za ta jira har ka fito."