Reshen Ƙaya a Hanyar Durban

Labari ya iske MaZondi cewa mijinta ya yanke jiki ya rasu a filin jirgin Pietermaritzburg, yana shirin tafiya yawon teku a jirgin ruwa daga Durban shi kaɗai. Bisa al'adarsu, danginsa suka ba ta reshen ƙaya ta ɗauko kurwarsa zuwa gida, kada ta kula kowa a hanya sai shi.

Ta ba reshen kujerarsa a mota, tana yi masa bayanin hanya.

“Baban Lwazi, ga kwanar gida mun wuce, Durban muka nufa.”

Ƙaninsa yana ta kiran waya, al'ada ta hana ta ɗagawa.

A tashar jirgin ruwa ta ce wa reshen, “Ga jirgin ruwanka nan. Ba ka ce mata ba sa jure teku ba? Sauko ka raka ni.”

Har yau, kullum da safe sai ta tambayi reshen ko jirin tekun ya sake shi.