Yatsana a Kan Batir

Murfin rediyonmu ya ɓace, don haka sai an danne batir da yatsa take magana. Ran nan bayan la'asar ni ce mai dannewa. Baba yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa a rumfarmu ta Dingyaɗi, warinta ya cika wurin.

Wasan kwaikwayo ake yi a rediyon, wani saurayi ya nace wa yarinyar da gidansu suka ƙi. Mu kuwa wata uku ke nan da Baba ya kori Yaya Sani saboda ya auri 'yar mahauta a Shagari, ya kuma hana a ambaci sunansa.

Uban cikin wasan ya daka tsawa: "Fice mini daga gida!" Hannun Baba ya tsaya cak a cikin buhu. Tsoro ya kama ni, na saki batir. Rumfar ta yi tsit.

Bai ɗago kai ba. Can ya ce, "Maida yatsa, ɗiyata. In jiya ko ya kira ɗa nai."

Garin sauri, batir ya faɗi ƙasa. Kafin in maida shi an gama wasan, ana karanta gaishe-gaishe.

Baba bai ji ƙarshen ba, bai kuma kira Yaya Sani ba. Har yau nakan ji kamar ni na hana shi dawowa.