Gumin Zaharaddeen

Shekarar da aka yanko Kebbi daga Sakkwato, Sajan Ɗahiru ya dawo Jega daga kwas ɗin wata uku kan halayyar masu laifi, da wani littafi mai jan bango a hammata. Tun daga ranar ya rataye kulki. Cewa yake ɓarawo jikinsa ke tona masa asiri: ido, gumi da maƙogwaro. Har mai shayin bakin ofis ya koyi haɗiye yawu a ɓoye in Sajan zai wuce.

Sai ga dama ta samu. An kwashe wa wani manomi a Aliero buhu shida na albasa da la'asar ɗin Lahadi, yana wurin jana'iza. Aka tattaro samari huɗu da suka yi masa aikin cira, aka kawo su Jega. Sajan ya tare a ofis, ko maganar gida ba ya tsayawa ji daga bakin matarsa Talatu.

Uku daga cikinsu suka dube shi ido cikin ido, suka rantse, har ɗaya ya nemi goro. Sajan ya sallame su.

Na huɗun kuwa, Zaharaddeen, mutumin Giwa Tazo, tun daga bakin titi ya tuɓe takalmi. Aka ba shi benci, ya durƙusa a ƙasa. Aka miƙa masa ruwa, ya riƙe kofin bai kai baki ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alhali fanka na juyawa.

Sajan ya buɗe littafinsa, ya yi maki uku a jere.

"Ɗago ka dube ni."

Kan ya ƙara sunkuyawa.

"Ina kake ran Lahadi da la'asar?"

"Nan Jega, ranka shi daɗe."

"Gidan wa?"

Maƙogwaron Zaharaddeen ya hau, ya sauka.

Sajan ya juya ga kofur ɗinsa yana murmushi. Ya yi masa bayani cewa mai laifi yana iya ƙirƙiro gari, amma ba ya iya ƙirƙiro ƙofar gida. Kofur ya jinjina kai, ko da yake ya lura hannun yaron ya fi kama da na mai noma fiye da na mai gudu da buhu.

Kwana biyu ana abu ɗaya. Zaharaddeen bai amsa laifi ba, bai kuma kare kansa ba, abincin ofis ma ba ya ci sai Sajan ya fita. Ran Laraba da hantsi Sajan ya cika takardar kai shi kotu, yana jin ilimi ya yi rana.

Yana shirin sa hannu Talatu ta shigo da kwanon tuwo, don ta gaji da aike. Ta hango na durƙushe a lungu, ta dafe ƙirji.

"Malam, mi wannan yaro ya yi?"

"Ɓarawon albasa ne. Kwana biyu ya kasa haɗa ido da ni, ya kuma ƙi faɗin inda yake ran Lahadi."

Talatu ta ajiye kwanon a hankali, ta dubi mijinta, ta dubi littafin.

"Yo da wane baki zai gaya maka yana ƙofar gidanka wurin zance da ɗiyarka Bushira, kuma wane ɗan mutunci ne ke kallon surukinsa cikin ido?"