Yaron da Gari Ya Daina Gani

Ke da kike ta ƙorafi wai an ɗora muku ɗinkin kayan makaranta, matso nan ki ji, kuma kada ki katse ni.

A wani gari an yi wani Alhaji mai sayar da yadi, yana da babbar rumfa a bakin kasuwa da ɗa namiji guda wanda ya sa a makarantar boko. Kayan makarantar farar riga ce da shuɗin wando, yadi mai arha, irin wanda shi ko kyauta ba zai ajiye a rumfarsa ba. Kullum in ya ga yaron ya fito da safe cikin kayan nan, sai ya ji kamar an zage shi. Wai shi da manyan gari ke zuwa ɗaukar shadda a wurinsa, ɗansa ne zai jera da ɗan mai ga-ruwa, a kasa gane wane ne wane? Rannan ya ɗauki ƙafa har ofishin hedimasta, ya tsaya a gaban malamai da ɗalibai ya buɗe murya. Ya ce karatu a ka yake, ba a riga ba, kuma ɗansa ba fursuna ba ne da za a yanka masa tufa iri ɗaya da ta kowa. Hedimasta ya yi ta ba shi haƙuri, ya ƙi ji. Da yake shi ya rufa musu ajujuwa da kwano lokacin da iska ta yaye rufin, sai aka rasa mai ce masa a'a. Ya koma rumfa yana ba maƙwabta labarin yadda ya koya wa 'yan boko hankali. Washegari yaro ya fita cikin shadda mai sitaci, da hula da takalmin fata, uban yana kallonsa daga zaure, zuciyarsa fari tas.

Abin da bai tsaya ya lura da shi ba, don girman kai makanta ne, shi ne aikin da rigar nan take yi masa a bayan idonsa. A garin, duk babban da ya ga yaro cikin fari da shuɗi yana yawo bayan an buga ƙararrawa, ba ya tambayar ɗan wane ne. Mai shayi zai daka masa tsawa. Wanzami zai ajiye aska ya kamo kunnensa. Tsohuwa mai ƙosai a bakin tasha za ta taso masa da matsami, ba za ta koma kan kaskonta ba sai ta ga ya shige ƙofar makaranta. Ba wanda ya sa su, ba wanda ke gode musu. Yaro kuwa ya fi uba saurin gane abin da ya canja. Wata safiya ya ɗan tsaya a tasha yana kallon manyan motoci, yana jiran a yi masa tsawa, ya ji shiru. Kashegari ya kai hantsi. Kafin wata ya mutu, a can yake wuni. Direbobi suka sa masa suna Ƙaramin Alhaji, yana miƙa musu sufana, yana ɗaure tamfol, yana koyon bakin tasha. In an tashi yara sai ya kakkaɓe rigarsa ya bi sahunsu zuwa gida. Malamai sun ga kujerarsa babu kowa, amma tun ranar da uban ya ci musu mutunci ba wanda ya yi marmarin taka ƙofarsa. Su ma ban wanke su ba, Allah zai tambaye su.

Damina ta wuce, kaka ta shigo. Wata rana yara suka dawo, babu shi. Uban ya nufi makaranta a fusace zai nemi ɗansa a hannun hedimasta, aka ce masa rabon da a gan shi a aji tun kafin ƙaramar Sallah. Ya bi gari yana cigiya har tasha, a nan aka gaya masa cewa tun da safe yaron ya haye bayan motar albasa a matsayin karen mota, sun yi Kurmi. Ya tsaya a tsakiyar tasha, babbar rigarsa na jan ƙasa, yana nuna mutane da yatsa.

"Kuna gani! Dukanku kuna gani kullum, aka rasa wanda zai ce masa kanzil!"

Tsohuwa mai ƙosai ko ɗago kai ba ta yi ba, tana juya ƙosanta ta ce, "Mun gan shi mana, Alhaji, makafi ne mu? Mun ɗauka dilar yadi ka aiko shi ya karɓa. Mu yaran makaranta muke kora, su kuwa da rigarsu muka san su. Wa zai ja kunnen shadda?"

Alhaji ya zauna a kan bencin mai shayi yana kallon hanyar da motar ta bi. Ya ɗauka shi kaɗai ke riƙe da ɗansa, ashe gari guda ke taya shi, kuma da bakinsa ya sallame su.

To kin ji. Ki je ki ɗinka wa yaronki rigarsa ki daina surutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.