Amsar Ƙararrawa

An tashi daga atisaye, zauren wasannin jami'a ya yi tsit, saura su biyu a benci. Ita ce ɗalibar da aka haɗa da Kyaftin don ta riƙa karanta masa darussa, shi kuma shi ne jagoran ƙungiyar makafi masu wasa da ƙwallo mai ƙararrawa. Ƙwallon na kan cinyarta.

"Malama," ya ce, sunan da yake tsokanarta da shi, "jibi wa'adinmu zai cika, ni kuwa ban gaji da muryarki ba. In turo su Kawu gidanku?"

Kunya ta rufe ta. Ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi har sau biyu tana murmushi.

Shi kuwa shiru kawai ya ji. Fara'arsa ta dusashe, ya lalubi sandarsa.

"Ba komai, na fahimta."

Sai a lokacin ta tuna wa ta gyaɗa wa kai! Ta ɗaga ƙwallon ta girgiza da ƙarfi, ƙararrawa ta cika zauren.

Ya karkata kunne. "Wannan amincewa ce, ko hannunki ne ke rawa?"

"Duka biyun," ta ce.