Layin Ƙofar Kaura

"To, a yi zaɓe!" in ji tela, ya dire kofinsa. "Ai soja sun koma bariki."

Tun hantsi ake musu a teburin mai shayin da ke jikin gidan mai. Tela ya ce gara ɗan wasan gaban nan ya tafi Italiya kawai, sabon kocin ƙasa ba ya kallon mai bugawa a gida. Makaniki ya ce ko alama, benci zai ɗumama a can har ƙafarsa ta yi tsatsa, kocin ma ba zai kai damina ba.

Aka yanke: kowa ya bi layin gwaninsa, wanda ya sha ƙasa ya kama bakinsa kan ƙwallo har Babbar Sallah. Tela ya waiga, ya ga mai shayi kaɗai a bayansa, shi ma don kunya.

Sai ga wani ɗan acaɓa ya ci burki ya shiga layin. Wani ya biyo. Mata suka ɓullo daga lunguna suna sauri. Kafin shayi ya huce, layin tela ya kai bakin ganuwa.

Ya karkace hula, ya ɗaga hannu. "Katsinawa sun yi magana! Italiya!"

Wata tsohuwa ta zungure shi da galan.

"Malam, rage surutu. Kananzir ɗin ya iso, ko sai gobe?"